Muryar Mai Gyaran Firji

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da Sista Rifkatu ta shigo ofishina ba. Ko zama ba ta yi ba, ta ajiye wayarta a kan teburina ta ce in saurara. Ranar na dawo aiki daga ƙauyenmu da ke bayan Rano, inda na je zaman makokin yayana, ko jakata ban gama ajiyewa ba. Ta danna wayar, sai ga muryar wani mutum mai in'ina yana ba da labarin yadda ya fara shan ƙwaya da wuraren da ake sayar da ita. Na san muryar, na kuma san inda ya kamata a ce tana nan: cikin kwamfuta ɗaya tak, a ɗakin da ni da Rifkatu kaɗai muke da izinin shiga. Na tambaye ta wa ya turo mata. Ta ce maƙwabciyarta ce a Ƙauyen Alu, ita ma a guruf ɗin matan unguwa ta tsince ta.

Ku da muke aiki tare yanzu na san kuna cewa Malam Tijjani ya cika tsauri a kan maganar waya da filash, wasu ma suna cewa tsufa ne. To bari in koma baya in gaya muku inda abin ya samo asali.

A lokacin ina aiki a wata cibiyar binciken lafiya da ke Gyadi-Gyadi, a wani bene na haya, ba nisa da asibitin koyarwa. Mu ba asibiti ba ne, ba ma duba marasa lafiya. Idan gwamnati ko masu ba da tallafi suna son sanin wani abu game da lafiyar jama'a, mu ake ba aikin, mu shiga unguwanni mu yi tambaya, mu tattara, mu rubuta rahoto. A sama akwai Darakta, babban likita ne, sai shugabannin sassa, sai masu bincike, sai masu shiga unguwa su yi hira da mutane, waɗanda yawancinsu ma'aikatan jinya ne. Ni ne jami'in kula da bayanai, ina mataki na goma sha biyu. Duk abin da aka jiyo daga bakin mutane, rubutu ne ko murya, hannuna yake zuwa. Ni nake adana shi, ni nake cewa wane zai gani, wane ba zai gani ba. Haka dai yake a rubuce.

A shekarar ne wata ma'aikatar gwamnati ta ba mu aikin bincike a kan shaye-shaye a Tarauni da kewaye. Ba ƙidayar masu sha kawai ake so ba, ana so a ji daga bakinsu: me ya jefa su, ta ina kayan suke zuwa, me ya taimaki waɗanda suka daina. Da yake magana ce mai haɗari, masu ba da tallafin suka kafa sharaɗi cewa ba za a fara ba sai an horar da kowa a cibiyar a kan tsare bayanai, daga Darakta har mai shara.

Aka kama ɗakin taro a wani otal a kan titin Zariya, aka kawo masu horarwa biyu daga Abuja. Ba zan rage musu komai ba, sun san aikinsu. Sun koya mana raba bayanai gida uku: na kowa, na cikin gida, da na sirri. Sun koya mana yadda ake kulle fayil ta yadda ko an sace kwamfutar ɓarawon ba zai iya karanta komai ba, da yadda ake zaɓen kalmar sirri, da dalilin da ya sa ba a cusa kowane filash a kwamfutar ofis. Duk wata magana tsakaninmu da ma'aikatar gwamnatin, suka ce ta imel ɗin ofis mai kulle za ta bi, ban da wayar hannu, ban da guruf. Dokar da suka fi nanatawa ita ce ta murya. Muryar wanda aka yi hira da shi ba ta fita daga ɗakin ajiya ko da wasa. Sai an mayar da ita rubutu, an cire suna da unguwa da sana'a, sannan a yi aiki da rubutun. In ana son manya su ji a wajen taro, sai a sa wani ya karanta.

Darakta ya zo ranar buɗewa. Ya yi jawabi mai daɗi a kan amana, har da aya, aka ɗauki hoto, ya duba agogo ya ce ana jiransa a wani taro. Shugabannin sassa kuwa sai dab da lokacin abinci ake ganinsu. Mu ƙananan da matsakaita mu muka zauna daga farko har ƙarshe. Amma da aka zo rabon takardar shaida, babu wanda bai samu ba. Ta Darakta ma direbansa ne ya karɓa.

Daga ƙarshe masu horarwar suka gwada mu ba tare da mun sani ba. Ɗayansu ya riƙa kiran ma'aikata da baƙuwar lamba, yana cewa daga ofishin Kwamishina ne, ana buƙatar fayil kaza yanzu-yanzu. Da yawa sun rikice, wasu har sun fara neman yadda za su tura. Da ya kira Rifkatu ya yi mata tsawa, ya ce za ta rasa aikinta in ta ɓata masa lokaci. Ta ce masa, ranka ya daɗe, ko Gwamna ne da kansa sai ya bi ta ofis, ta kashe wayarta. Da aka bayyana cewa gwaji ne, aka saka muryarta kowa ya ji, aka yi ta tafi, aka ba ta kyautar laima.

Rifkatu 'yar kudancin Kaduna ce, amma a Kano ta yi karatun jinya, a nan ta yi aure, mijinta malamin sakandare ne a Hotoro. Hausarta ta fi tawa gishiri. Tana da wata baiwa ta zama da mutum har ya saki jiki. Na sha mamakin yadda magidanci zai gaya mata abin da bai taɓa gaya wa limamin unguwarsu ba. Daga baya na gane cewa ban da iya sauraronta akwai wani dalili: sun san ba za su haɗu da ita a sahun sallah ko wajen ɗaurin auren 'yar'uwa ba. Asirinsu yana hannun wadda ba ta cikin danginsu.

Mutumin da ke cikin muryar zan kira shi Nafi'u, ba sunansa ba ne. Mai gyaran firji ne, yana da shago a gefen kasuwar Tarauni, gidansu kuma a Unguwar Gano, da mata da 'ya'ya uku. Ya fara shan ƙwaya ne don ya jure aiki lokacin zafi, sa'ad da firji ke taruwa a ƙofar shago, har abin ya zame masa jiki. Mahaifiyarsa ce ta tsaya a kansa har ya daina, kuma a unguwa ba kowa ne ya san ya taɓa sha ba. Rifkatu ta yi ta zarya kafin ya yarda. Ya ce shi da in'inarsa ko a bayan labule aka ji shi an san shi ne. Ta karanta masa takardar amincewa, ta yi masa bayanin ɗakin ajiya da kullen da ke kan kwamfuta, ta ce daga ita sai mutum ɗaya ne za su ji muryarsa. Da ya yarda kuwa bai rage komai ba. Ya faɗi shagon da ake sayarwa ta ƙofar baya, ya faɗi laƙabin masu kawowa, ya faɗi waɗanda ake ba wani abu su kau da kai. Ya ce ya faɗa ne saboda samarin da yake gani suna bin hanyar da ya bi.

Abin da ya faru a bayana, daga bakin Rifkatu na ji shi a safiyar nan, kuma babu wanda ya taɓa ƙaryata ta. Ranar Alhamis Darakta ya kira ta ofishinsa. Washegari zai je gaban kwamitin ma'aikatar ya yi bayanin inda aka kwana, kuma yana son a tsawaita aikin. Ya ce rubutu ba ya motsa manya, barci suke yi a kai, yana son murya mai rai wadda za ta girgiza su. Ta tuna masa da doka. Ta ce ita za ta bi shi ta karanta maganar da bakinta. Ya ce ba haka yake so ba. Ta roƙi a jira in dawo, ta fita ta yi ta kirana, ƙauyenmu kuwa sai ka hau tudu kake samun sabis. Da ta koma, sai ya tambaye ta:

"Wa ya sa hannu a kan dokar nan da kike ta faɗa?"

"Kai ne, Yallaɓai."

"To mai dokar ne yake miki magana."

Da kansa ya sauko ɗakin ajiya, ya tsaya a kanta, ya miƙa mata wayarsa. Ta so ta ba shi ɓangaren da Nafi'u yake maganar mahaifiyarsa kawai, ya ce a'a, wurin sunayen nan yake so, shi ne naman. Ya yi alkawarin da an tashi daga taro zai goge. Ta saka masa.

A wajen taron muryar ta yi aikin da yake so, ta girgiza kowa. Da aka tashi wani jami'i ya ce a tura masa ya nuna wa ogansa, Darakta ya tura. Jami'in ya saka a guruf ɗin kwamiti don waɗanda ba su halarta ba su ji. Daga nan babu wanda zai iya ce maka ga inda ta bi. Magana zarar bunu ce. Kafin Lahadi ta kai wayar matan unguwa.

Ban tsaya neman izinin kowa ba, muka tari adaidaita sahu sai Tarauni, da nufin mu gargaɗe shi ya ɗan kauce. Mun makara. Shagon a buɗe rabi, firji biyu a kife a ƙasa, an watsar da kayan aikinsa har bakin kwata. Mai walda na kusa da shi ne ya gaya mana cewa jiya da la'asar wasu samari suka zo a kan babura, suka jawo shi waje suka yi ta dukansa da gora a gaban jama'a, suna cewa ya maimaita abin da ya faɗa a waya. Ba wanda ya shiga tsakani. Yana ba mu labarin yana waige-waige, da ya gama ya ce don Allah mu bar ƙofar shagonsa.

A ɗakin 'yan haɗari na asibiti muka same shi. An ɗinke masa kai, hannun dama kuma a naɗe tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ma'aikaciyar da ke bakin aiki, ƙawar Rifkatu ce tun makaranta, ta ce mana da gangan aka nufi hannun, ƙasusuwan yatsun sun farfashe. Mahaifiyarsa tana zaune a kan tabarma a baranda, matarsa ba ta nan, iyayenta sun zo sun ɗauke ta da yaran tun da suka ji muryar, sun ce ba su san ɗan ƙwaya suka ba 'yarsu ba. Rifkatu ta durƙusa ta gaida tsohuwar, ta ce Inna, ni ce wadda ta yi hira da shi. Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, ba ta zage ta ba, ba ta kuma amsa gaisuwar ba, ta dai janye ƙafarta don mu wuce.

Nafi'u ya buɗe ido ya gan mu. Ya daɗe yana kokawa da kalmar farko, in'inar ta ƙaru saboda kumburin baki, mu kuma muna tsaye muna jira.

"Sista, ke kika ce ba mai ji."

Na buɗe baki zan yi bayanin Darakta da taro da guruf, sai ta riga ni.

"Ni na ce," in ji ta. "Ni na ce maka."

Sai ya juya fuskarsa bango. Da muka fito na tambaye ta me ya sa ba ta bari na faɗa masa gaskiyar yadda aka yi ba. Ta ce shi bai san wani Darakta ba, bai san cibiya ba, fuskarta ya gani ya yarda.

Daga asibiti ofishin Darakta na wuce. Na same shi hankalinsa a tashe, amma da muka fara magana na gane ba hannun Nafi'u ne ya tayar masa da shi ba, sunan cibiya ne. Na ce ƙa'ida ita ce a sanar da kwamitin ɗa'ar bincike da masu ba da tallafi nan take, a nemi a ba mutumin nan da iyalinsa kariya, a kuma gargaɗi sauran waɗanda muka yi hira da su. Ya ce duk za a yi, amma a bi a hankali, kada a tayar da ƙura. Ya tuna mini cewa a tsarin da aka koya mana, rahoton ɓarakar bayanai wajen shugaban cibiya ake kai shi, shi ne zai san inda zai tura. Gaskiya ya faɗa, haka aka tsara. Waɗanda suka tsara ba su kawo a ransu cewa wata rana mai karɓar rahoton shi ne ɓarakar ba. Ya amince cibiya ta ɗauki nauyin jinya, amma ya sa aka rubuta cewa taimako ne na jinƙai, ba amsa laifi ba.

Da labari ya kai kunnen masu ba da tallafi ta wata hanyar, dole aka kafa kwamitin bincike. Darakta ne ya kafa shi, shi ya zaɓi 'yan kwamitin, shi ya rubuta musu iyakar aikinsu: su gano yadda fayil na sirri ya fita daga ɗakin ajiya. Shugaban kwamitin Alhaji Garba ne, shugaban sashen mulki, dattijo mai kirki da ya kusa ritaya. Da aka kira ni na faɗi duk abin da na sani. Na yi musu bayanin cewa kwamfutar tana riƙe sunan wanda ya shiga da kuma na'urar da aka jona mata, kuma abin da ta nuna shi ne sunan Rifkatu da wayar Darakta. Na ce a kira shi a tambaye shi wa ya tura wa. Alhaji Garba ya cire tabarau ya goge, ya ce:

"Malam Tijjani, mu ƙofa aka ce mu bincika, ba a ce mu bi hanya ba. Wa ya buɗe ƙofar?"

Ba a taɓa kiran Darakta gaban kwamitin ba. Rifkatu kuwa an zaunar da ita tun safe har azahar ta wuce. An tambaye ta ko an horar da ita, ta ce an horar da ita. Ko ta san dokar murya, ta ce ta sani. Ko Darakta ya ba ta umarnin a rubuce, ta ce da baki ne. Wani ɗan kwamitin ya tuna musu cewa ai ita ce ta zo ta ɗaya a gwaji har aka ba ta kyauta, don haka ba ta da uzurin rashin sani. Abin da aka tafa mata saboda shi, da shi aka ɗaure ta. Wadda ta iya kashe wa ofishin Kwamishina waya, in ji shi, me ya hana ta cewa a'a a nan? Ta ce wancan murya ce a waya, wannan kuwa mutumin da ke sa hannu a takardar ƙarin girmanta ne yake tsaye a kanta. Ba a rubuta wannan amsar a rahoto ba. Na gani da idona, domin kwafin ya biyo ta hannuna.

Aka bar jaki aka daki taiki. Rahoton ya ce sakacin ma'aikaciya ne ya jawo ɓarakar, aka ba ta zaɓi: ko ta ajiye aiki da kanta, ko a kore ta a kuma kai sunanta gaban masu ba da lasisin jinya. Ta ajiye. Abin da ya fi ƙona mini rai ba hukuncin ba ne, gulmar da ta biyo baya ce. Mutanen da suka san gaskiya sarai, waɗanda muka ci abinci a faranti ɗaya da ita, su ne suka fara raɗa cewa wa ya sani ko sayar da muryar ta yi, wasu suka ce dama ina ruwanta da asirin mutanen da ba nata ba. Ita kuwa a cikin kwanakin nan kullum tana asibiti, da hannunta take wanke wa Nafi'u ciwo, har tsohuwar ta fara amsa gaisuwarta.

Na rubuta nawa bayanin daban zuwa kwamitin ɗa'ar bincike. Ma'aikaci irina ba ya tsallake shugabansa, don haka ta ofishin Darakta ya bi. Ya dawo mini da kalma biyu a gefe da jan biro: an gani. Na ɗauki wani kwafin na kai da ƙafata, sakataren kwamitin ya karɓa da fara'a, ya ce ai an riga an turo musu rahoton cibiya kuma an ɗauki mataki, an rufe maganar. Ba a jima ba aka ce cibiya tana buƙatar gogaggen mutum a ɗakin karatu, aka karɓi makullin ɗakin ajiya daga hannuna.

Amma kafin a karɓa sai da aka sa ni wani aiki. Masu ba da tallafi sun nemi a nuna musu an gyara, sai Darakta ya ba da umarni a sake horo a kan tsare bayanai, ni zan koyar, kuma na 'yan mataki na takwas zuwa ƙasa ne kawai, tun da rahoto ya nuna a nan matsalar take. Na tsaya a gabansu ina maimaita maganar kalmar sirri da filash, su suna kallona, ni ina kallonsu, kowa ya san abin da kowa ya sani. Can wata ma'aikaciyar jinya da ta gaji kujerar Rifkatu ta ɗaga hannu ta ce, Malam, in Oga ne da kansa ya ce a ba shi fa? Na duba littafin horon tun daga bango har bango a gabansu. Akwai babi a kan ɓarawo, akwai a kan ɗan damfara, akwai a kan baƙon da ya shigo da sunan gyaran waya. Babu layi ɗaya a kan wannan tambayar. Na ce mata ta ce ya rubuta, ya sa hannu. Ta ce in ya ƙi fa? Na ce to ranar za ki zaɓa tsakanin aikinki da mutumin da kika yi wa alkawari, kuma duk wanda kika zaɓa ke kaɗai za ki biya. Aka kai wa Darakta wannan maganar kafin in gama tattara takarduna.

Nafi'u ya warke, amma yatsun ba su ƙara riƙe sukundireba ba. Ya sayar da abin da ya rage a shagon, ya bi mahaifiyarsa garinsu a wajen Wudil. Na ji an ce daga baya matarsa ta koma, ban tabbatar ba. Masu sayar da ƙwayar da ya ambata ba a kama ko ɗaya ba, layi kawai suka sauya. Rifkatu tana wani ƙaramin asibitin kuɗi a Hotoro, tana allura da wankin ciwo, ta ce ba za ta ƙara riƙe na'urar ɗaukar murya ba har ta mutu. An tsawaita aikin binciken kamar yadda Darakta ya so, an buga rahoto mai kyan bango. Shi kuma daga baya aka saka shi cikin wani kwamitin ba da shawara a kan tsare bayanan lafiya. Na taɓa ganinsa yana buɗe taron horo, jawabin amanar nan dai bai sauya ba.

Bayan wani lokaci cibiyar ta sami wani aikin, wannan karon a kan hawan jini, abin da ba shi da wani abin kunya ko haɗari. Aka tura masu hira Unguwar Gano, suka yi ta yawo ba wanda ya buɗe musu baki. Da yake na san wani dattijo da ake jin maganarsa a unguwar, aka ciro ni daga ɗakin karatu in raka su. Ya karɓe mu da mutunci a zaurensa, ya sa aka kawo ruwa. Shugaban tawagar ya yi ta bayanin cewa yanzu an ƙara tsaro, an sayo sabuwar kwamfuta, an sake horar da ma'aikata. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce madalla da wannan ƙoƙari, amma su ma mutanen unguwa an horar da su, kuma malaminsu hannu ya bayar kafin su gane karatun. Muka sha ruwanmu muka tashi.

Wannan shi ne abin da na koya, kuma a makare na koye shi. Horon da ake ba mu yana da amfani, ku riƙe shi da kyau, domin ɓarayi da 'yan damfara suna nan. Amma duk an gina shi ne a kan cewa haɗari daga waje yake zuwa, alhali a iya shekaruna a wannan aiki ban taɓa ganin an fasa ƙofa ba, da makulli ake buɗewa, kuma mai cewa a buɗe yawanci yana saman bene. Doka a wurinmu ƙasa take kallo. Shi ya sa nake gaya muku, ranar da za ku zauna a gaban wani bawan Allah ku ce masa ba mai ji, ku tuna ba bakinku kaɗai kuke yi wa lamuni ba, har da bakin duk wanda ke sama da ku, waɗanda shi bai taɓa gani ba kuma ba za su taɓa zuwa duba shi a gadon asibiti ba. In ba za ku iya tsayawa a tsakaninsa da su ba, ku gaya masa gaskiya tun kafin ku kunna na'ura, ya san abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye. Gara rahotonku ya fito da giɓi da a ce mutum ya fito da shi a jikinsa.